Mai Ƙirga Sawu

Talata da Alhamis, ƙarfe shida na yamma,
ko ruwa ake ko ƙanƙara,
Clifford Ogden na tsaye a kwanar ƙarshe
cikin rigar ruwa mai aljihu huɗu,
da usur ɗin da haƙora suka cinye wa baki.
Shekara sittin da ɗaya ke nan.
Talatin daga ciki a idona aka yi.

Ya ce da ya fara, filin nan tokar kwal ne,
in ka faɗi ka tashi da Barnsley a gwiwarka,
baƙin tabo wanda sabulu ba ya iya wa.
Ya naɗe wando ya nuna mini nasa.
Da safe yana ƙarƙashin ƙasa, fitila a goshi,
da yamma ya fito yana tari
ya koya wa 'ya'yan mutane numfashi.

Na zo masa ina ɗan sha uku,
Turancina bai isa sayen burodi ba,
takalmin yayana a ƙafa, na cusa jarida a gaba.
Yara suka ce Danny. Shi ya ƙi.
Sati uku yana kokawa da Ɗanlami a bakin shinge
har harshensa ya lanƙwasu.

Bai taɓa ce mini madalla ba.
Sauke kafaɗa. Kada ka waiga.
Zagayen farko gaisuwa ce,
a na biyu ake faɗin abin da ya kawo ka.

Aka rufe ramukan kwal, gari ya yi tsit,
iyaye maza na zaune a gida da rana tsaka.
Shi ya buɗe ƙofar fili kamar kullum,
ya daina karɓar kuɗin mako, bai ce ya daina ba.
Ranar da aka binne Enid, matarsa, Alhamis ce.
Ƙarfe shida sai ga shi da baƙar kwat.
Muka yi cirko-cirko.
Ya ce, me kuke kallo? Mita ɗari huɗu, sau takwas.

Bai fitar da zakaran duniya ba.
Beverley ta kusa, jijiyar dunduniya ta ci amanarta,
yanzu ungozoma ce, ita ta karɓi haihuwar 'yata.
Akwai masu gyaran famfo, akwai wanda ke kurkuku
yana aiko masa da kati duk ƙarshen shekara.
Ni bas nake tuƙawa,
kuma har yau ba na waiwaye sai ta madubi.

Da yana ta rufe masa ido sai ya koma ga kunne.
Ya sunkuyar da kai, yara goma sun wuce a dunƙule,
ya ce, ta uku Tasalla ce,
tana dukan ƙasa da diddige irin na ubanta.

Alhamis ɗin da ta wuce ƙafa ta ƙi.
Jikarsa ta turo shi a keke, bargo a cinya.
Ya laluba aljihu na uku
ya ɗora mini agogon awon gudu a tafi.
Na danna. Shiru. Na kaɗa shi. Shiru.
Allurar ta tsaya a daƙiƙa sha ɗaya.

Tun yaushe?
Ya ce, tun kafin a haifi 'yarka.
To lokutan da kake kira mana fa?
Ya taɓa kunnensa, ya taɓa ƙirjinsa,
ya ce, na taɓa yi maka kuskure?

Yau Talata. Ana yayyafi.
Ina tsaye a kwanar ƙarshe da agogonsa.
Wayata na aljihu, ita ce mai gaskiyar lokaci,
amma da suka taso sai na rufe ido,
na danna mataccen maɓallin,
na fara ƙirga sawu.
Na ɓata a na tara.